Shekarar da Na Ɓata Sunan Ilu Mai Walda

Kun daɗe kuna jin cewa Ilu mai walda ne ya kai ni ƙara wurin jandarma a kan motar sojan da ke bayan gidanmu. Daga bakina maganar ta fito, kuma ba gaskiya ba ce. Zan faɗa muku yadda abin ya gudana tun daga farko, don dukanku ba ku nan a wannan shekara. Manyanku suna Damagaram da Yamai wurin aiki da karatu, matan kuma suna ɗakunansu. Mu uku muka rage a gidan Dungas: ni, da uwarku Saude, da yayata, Gwaggonku Haule, wadda ta dawo wurina bayan rasuwar mijinta.

A shekarar na ajiye alli. Na daɗe ina koyarwa a lakwal har sunana ya ɓace, kowa a gari Mushe yake ce mini, wato malamin makaranta, in ban da Haule da Ilu da suke kirana Habu. Abin da ba ku sani ba, tun ina ƙarami ƙarfe nake so. Mahaifina ya ce ɗansa ba zai yi yawo da baƙin mai a riga ba, na bi maganarsa, ban kuma yi nadama ba, amma duk motar da ta mutu a hanya sai na tsaya na leƙa cikinta. Bayan an gama girbi na je Mallawa ta'aziyyar wani tsohon ɗan kasuwa. Da na zaga bayan gidan neman wurin alwala sai na gan ta. Ƙafa shida, doguwa, an ɗora ta a kan kututture, tayoyin sun tsage, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Koren fentinta ya koɗe, amma ko makaho ya shafa ya san ta soja ce. Ƴaƴan mamacin suka ce ubansu ya saye ta a gwanjo tun suna yara, ya yi jigilar wake da gyaɗa da ita har ta tsaya. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su yanka ta bayan sadakar arba'in. Na ce kada a yanka, ni zan saya. Na tambayi takardar gwanjon, suka ce tana nan cikin kayan tsoho, za a duba. Ban matsa ba. Wannan shi ne sakacina na farko.

Tarakta ce ta jawo ta zuwa Dungas, muka shigo gari daidai lokacin da ake fitowa daga sallar azahar. Babu wanda bai gani ba. Haule ta tsaya a ƙofar gida da carbi a hannu, ta dube ta sama da ƙasa.

“Habu, yaƙi za ka tafi?”

“Gyara ta zan yi, Yaya.”

“In ka gyara fa? Haya?”

“A'a.”

“To sayarwa.”

“Ba sayarwa ba. So nake kawai in ji ta tashi.”

Haule ta juya wurin uwarku ta ce, “Saude, ki ji mini mutumin nan.” Uwarku ta koma ciki.

Amsar da na ba Haule ita na ba duk garin, kuma babu wanda ya yarda. A wurinmu mutum yana gyara abu don ya ci abinci da shi. Ba a saba ganin dattijo ya sayar da tumakinsa ya zuba a mataccen ƙarfe don sha'awa kawai ba, saboda haka kowa ya nemo mini dalilin da ya fi shiga hankalinsa. Wasu suka ce fetur zan riƙa shigo da shi daga Najeriya ta cikin daji. Wasu suka ce arewa zan kai ƴan haƙar zinariya. Har na ji an ce ban bar aikin gwamnati ba, wani aikin ɓoye aka ba ni, koyarwar ma dama rufa ido ce. In na iso majalisa a gindin dogon yaron bakin tasha sai hira ta canza. Da fari abin dariya yake ba ni. Daga baya na fara lura da wanda ya yi shiru da wanda ya kalli wani, na fara riƙe su a zuciya.

Mutum ɗaya ne bai tambaye ni dalili ba, shi ne Ilu. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki, shi ya riƙe mini kai ranar aurena da uwarku. Shagonsa na walda yana bakin tasha, ƴan kabu-kabu da masu jigilar jarkoki su ne masu kawo masa aiki. Ranar da ya fara ganin motar ya zagaye ta sau biyu, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya tashi yana kakkaɓe riga ya ce ƙashin bayanta lafiya lau yake, saura duk wasa ne. Daga nan kullum in ya yi la'asar sai ya rufe shago ya zo da kayan aikinsa.

Ba wasa ba ne. Injin ya cije, ko motsi ba ya yi. Muka kwance kansa muka zuba gazuwal, wato man dizal, da baƙin mai a kowane rami, muka bar shi ya jiƙa, kowace rana mu sa dogon ƙarfe mu danna mu biyu. Sai da aka yi mako biyar kafin ya yi wani ƙara kamar an buɗe tsohon ƙyaure, ya juya kaɗan. Ilu ya zauna a ƙasa yana dariya har hawaye. Ɓeraye sun cinye wayoyin wuta, na zana su a takarda ɗaya bayan ɗaya kamar ina shirya darasi, na sake ja. Tankin mai ya yi tsatsa, muka sauke shi muka zuba tsakuwa a ciki muna mirgina shi a tsakar gida, Haule tana cewa mun hana ta jin rediyo. Ilu ya liƙe ramukan radiyeta, ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan wurin direba ya sa sabon ƙarfe. Famfon mai na kai Damagaram wurin masu gyaransa. Tayoyi kuwa sai da na je Maigatari sau uku kafin na haɗa shida masu ɗan sauran rai. Ban taɓa jin daɗin wasu watanni a rayuwata kamar waɗannan ba, ina so ku san wannan ma.

Ana tsakiyar bazara wasu mutum biyu suka zo a kan babur ɗaya. Ba ƴan garinmu ba ne. Sun yi sallama da ladabi, ɗayan babba mai furfura kaɗan, ɗayan bai cire rawaninsa daga baki ba. Ni da Ilu muna ƙarƙashin mota muna fama da birki. Babban ya ce sun ji labarin motar, fatake ne su, suna so su saya in ta tashi. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya yi murmushi ya shafa ƙofar.

“Tana iya tafiyar kwana biyu a rairayi ba tare da an bi hanya ba?”

Girman kai ya ɗebe ni, na ce don haka aka ƙera ta.

“To, Mushe, ka yi tunani. Abu ɗaya dai, kada a canza mata launi. Haka muke son ta.”

Suka ce za su dawo bayan sallah, suka tafi. Washegari Ilu ya zo ba tare da kayan aiki ba. Ya ce mutanen nan ba su kwanta masa ba, ɗan kasuwa ba ya damuwa da launin mota. Ya ce in tashi da ƙafata in je in faɗa wa jandarma, in nemo takardar gwanjo, mu shafe koren nan da wani fenti tun yau. Na ce ban yi laifin komai ba da zan kai kaina wurin hukuma, launin kuwa shi ne rabin kyanta, ba zan mayar da ita kamar motar ɗaukar yashi ba. Muka ɗaga murya, abin da ba mu taɓa yi ba tun muna samari.

“Habu, taurin kanka zai jawo wa gidan nan abin da ba ka zata ba.”

“In tsoro kake ji, ka zauna a shagonka.”

Kwana uku bayan haka, da hantsi, jandarma biyu suka yi sallama a ƙofar gida. Ba su yi mini wulaƙanci ba. Sun duba motar, sun rubuta lambobin da ke jikin ƙarfenta, suka ce kumanda yana son ganina. Sai dai a tsakiyarsu na taka daga gida har buronsu, gari yana kallo, har da waɗanda na koya wa karatu. Kumandan ya ba ni kujera, ya ce ba a ce na yi laifi ba, amma motar soja mai launin soja, babu takarda, kusa da iyaka, dole a tambaya. Sannan ya duba wata takarda a gabansa ya karanto mini maganar baƙon nan, ta tafiyar kwana biyu a rairayi da ta launi, kalma bayan kalma. Na tambaye shi wa ya faɗa masa. Ya ce wannan ba a faɗa. Sai bayan la'asar aka sallame ni, da sharaɗin kada in sake taɓa motar sai na kawo takarda, kuma in ta fito a canza fenti.

Tun a hanyar komawa gida na gama yanke hukunci. Mu huɗu ne a wurin da aka yi maganar, baƙi biyu da ni da Ilu. Ilu ne ya ce a je wurin jandarma, na ƙi. Na tuna shi ya yi musu ƙofar ƙarfe bara, har yana cewa kumandan mutumin kirki ne. Na tuna wata rana ya goge lambar da ke jikin injin da tsumma ya daɗe yana kallo. Duk abin da na tuna sai ya zauna daidai inda nake so ya zauna. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban je na tambaye shi ba. Washegari na tafi majalisa, aka yi ta yi mini jaje, aka tambaye ni wa nake zargi. Na ce ba zan kama suna ba, amma kowa ya yi hankali da abin da yake faɗa kusa da shagon walda. Shagon walda ɗaya ne a tashar.

Ilu ya zo gida da yamma, na tare shi a zaure.

“Habu, an ce ka ce.”

“Na ce.”

Na jira ya rantse, ko ya yi faɗa, na ma shirya abin da zan mayar masa. Sai ya ce, “To.” Ya shiga bayan gida ya tattara sifanoninsa da gudumarsa a buhu, ya saɓa, ya fita. Na ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi.

Kun san garinmu. Rabin masu kawo wa Ilu aiki da ƙetare iyaka suke ci, kuma babu mai son ya tsaya a shagon da aka ce kunnen hukuma yana ciki. Ba a zage shi ba, ba a kore shi ba, aka daina zuwa kawai. In na bi ta tasha sai in gan shi zaune a kan benci, injin wutarsa a kashe. Ban ji tausayi ba a lokacin, ba zan yi muku ƙarya ba. Ni ma ban samu kwanciyar hankali ba. Na kewaye motar da zana, na sa kwaɗo a ƙofar baya. In maƙwabci ya tambayi lafiyar mota sai in yi ta juya tambayar har dare. Haule ma na daina magana a gabanta, don tana da yawan ƙawaye. Uwarku ta rame, abinci ba ya shigarta, na ɗauka kunyar tafiyar da aka yi da ni ce. Sau ɗaya ta ce mini, “Malam, ba ka da shaida a kan Ilu.” Na ce mata maganar maza ce, ta tsaya a abin da ta sani.

Da damina ta sauka, ƴaƴan mamacin suka samo takardar gwanjo a ƙasan adakar uwarsu, gara ta ci gefe amma hatimi yana nan. Aka yi mini takardun mota, na shafe koren da fenti mai ruwan ƙasa ni kaɗai. Baƙin nan ba su dawo ba, har yau kuma ban san ko su wane ne ba. Wataƙila fataken gaskiya ne, wataƙila ba su ba ne. Ranar da injin ya tashi, hayaƙi ya cika unguwa, kaji suka watse, Haule tana ta salati. Na zauna a kujerar direba ina jin ƙarfe yana rawa a ƙarƙashina, abin da na yi kusan shekara ina jira, sai na ga babu wanda zan kalla in yi wa dariya. Na kashe ta na sauko.

Bayan kwana kaɗan, da safe, amalanke biyu suka wuce ta ƙofar gidanmu ɗauke da injin walda da gadaje da tukwane. Ilu ne yake tashi da iyalinsa zuwa Guci, wurin dangin matarsa. Uwarku tana tsaye a zaure har suka ɓace. Ta shigo ta same ni ina wanke hannu da toka, ta durƙusa a gabana, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

“Malam, ni ce.”

“Ke ce me?”

“Ni na je wurin jandarma. Ina bayan zana ina tsince wake ranar da mutanen suka zo, na ji komai. Na san in na faɗa maka dariya za ka yi. Na je na roƙi Ilu ya yi maka magana, ya yi, ka ƙi. Na ce masa to ni zan je. Ya ce in ƙara haƙuri kwana biyu, ban iya ba. Na ga gara a kira ka a tambaye ka da a zo a same ka da motar a hannun waɗancan.”

“Ilu ya sani?”

“Tun ranar.”

Ban daka mata tsawa ba. Na tambaye ta me ya sa ta yi shiru wata biyar. Ta ce kullum tana cewa gobe. Ta ga abin da na yi wa abokin shekara sittin da magana ɗaya, ta rasa me zan yi wa mace.

Ranar kasuwar Guci na hau kabu-kabu na tafi. Na same shi a wata ƴar rumfar kara a gefen masu sayar da garma, yana liƙe ƙafar amalanke. Ya ɗaga baƙin gilashin daga idonsa, ya nuna mini benci. Na faɗi abin da ya kawo ni, na ce zan tsaya a majalisa in faɗi gaskiya duka, in ya yarda kuma in zo da motar in kwashe kayansa mu koma gida.

“Gaskiya duka wace ce? Ka ce Hajiya Saude ce?”

“Ai ita ce gaskiyar.”

“Ka ga abin da aka yi mini, ni namiji mai sana'a a hannu. Ita kuma fa? Wace mace za ta sake shiga gidanka biki ko suna? Ƴaƴanta mata suna gidajen mutane. Na riƙe wata biyar, kada ka zo ka zubar a rana ɗaya don ka ji sauƙi a ranka.”

Na ce to ya yafe mini.

“Na yafe tun a zaurenka. Amma ba zan koma ba. Da ka zo shago ka kama rigata ka ce, Ilu, kai ne? Da na ce maka ba ni ba ne, ka yarda ko kada ka yarda. Ba ka tambaya ba, Habu. Mutanen tasha ka fara faɗa wa.”

Ya mayar da gilashinsa ya ci gaba da aiki. Na zauna har aka kira azahar, muka yi salla sahu ɗaya, na dawo.

Na tsaya a majalisa na ce na zalunci Ilu, ba shi ba ne, na tabbatar. Aka ce to wane ne? Na ce ba zan faɗa ba. Sai aka kalli juna. Wasu suka ce kumanda ne ya sa ni janye maganar, wasu suka ce tsufa ne ya sa ni laushi. Zargin da na dasa da jimla ɗaya na yi shekaru ina cirewa bai fita ba. Ku ma da kuka tambaye ni na ce a bar maganar, na bar ku da abin da kuka fara ji. Na san har wasunku sun daina gaida ƴaƴansa in an haɗu a mota. Duk sallah nakan je Guci, yakan karɓe ni, mu ci tuwo mu yi hirar damina da farashin gero, amma bai sake taka Dungas ba har Allah ya karɓi ransa. Motar tana nan, tana tashi, nakan kai ta gona in ɗauko kara. Bai taɓa ganin ta tana tafiya ba.

Bayan mun dawo daga sadakar bakwai ɗinsa uwarku ta ce in rubuta wannan, da sunanta a ciki, tun tana da rai, kuma in kun karanta babbanku ya ɗauka ya kai Guci ya karanta wa ƴaƴan Ilu a gaban mutane. Na ce Ilu ya hana. Ta ce ita ya kare, ita kuma ta sauke masa wannan nauyi. Da na gama na karanta mata a inuwar zaure, tana jin kowane layi, ba ta katse ni ba sai a ƙarshe.

“Ka bar abu ɗaya, Malam. Ka rubuta cewa da yau mutanen nan za su sake zuwa, da na sake zuwa wurin jandarma. Wannan ban yi nadamarsa ba. Shirun da na yi ne nake nema wa gafara.”

Na rubuta kamar yadda ta faɗa.